Fankar da ta koma baya, da gardamar ta ina komai yake juyawa

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu ilimin wuta ku zo ku taimaka. Fankar silin ɗin falona ta ɗauko sabon hali. In an kunna sai ta tsaya tana gurnani, ba za ta tashi ba sai an sa sandar mofa an ɗan tura fiffiken. Jiya da rana Khalifa ya hau kujera ya tura ta ta ɗaya ɓangaren, wallahi sai ta kama juyawa da baya, ta kuwa ci gaba a haka har aka ɗauke wuta. Iska ko kaɗan ba ta saukowa. Uwargida ta ce a kira mai ruƙiyya, ni na ce a fara kiran mai gyara tukuna. Me ke faruwa ne?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Tamu ma haka take tun bazara, muciya muka ware mata.

Oga Rewaya na Panteka: Baban Khalifa, bar mai ruƙiyya ya huta, kafasita ce ta mutu. Wani ɗan baƙin akwati ne da wayoyi a jikinsa, yana can sama cikin murfin fankar. A cikin motar fanka, wato injin da ke juya ta, koyil biyu ne, wato naɗin waya biyu. Wutar gida layi ɗaya ce, kai da kawowa kawai take yi, ita kaɗai ba ta san dama ba, ba ta san hagu ba. Aikin kafasita ta sa wutar da ke shiga koyil na biyu ta saɓa lokaci da ta farko, wannan ya ja sannan wancan ya ja, sai maganaɗisun ya zama yana zagayawa, jikin fankar ya bi shi. In ta mutu saura koyil ɗaya ke aiki, duk inda hannu ya tura nan za ta nufa. Ka kashe wuta, ka kwance tsohuwar ka zo da ita kasuwa a ba ka mai lamba irin tata, yawanci za ka ga 2.5 a rubuce. Kada ka yarda a ce maka sa babba ta fi gudu, gudun za ta yi amma koyil ne zai biya. Kuma ku daina barin ta tana gurnani, Hajiya Maman Ummi har da ke. Wannan gurnanin koyil ne yake dahuwa, in ya ƙone aikin ya dawo teburina, kuɗin kuma ya ninka ba sau ɗaya ba.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri, Oga. To me ya sa iskar ta ɓace da ta koma baya?

Oga Rewaya na Panteka: Dubi fiffiken da kyau, a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. In ta tafi daidai sai ya yanko iska ya danno ta ƙasa, in ta koma baya sai ya tura ta silin. A ƙasashen sanyi ma da gangan ake sa wa fanka maɓallin komawa baya, don ta kore ɗumin da ya taru a sama ya biyo bango ya sauko. Mu nan wa ya aike mu.

Mai Injin Tudun Wada: Naka mai sauƙi ne, Baban Khalifa. Bara aka gyara tiransifomar layinmu, da aka maido wuta na tayar da injin niƙa, sai ga bel yana gudu da baya. Ga mata da yara sun jera robobin markaɗe har bakin titi, na zuba gero yana ta tsalle a bakin inji ya ƙi shiga. Maƙwabcina mai sayar da ruwa kuma famfon rijiyar burtsatsensa yana ta kuka, ruwan da yake turowa bai kai rabin na kullum ba. Ni kuwa babu kafasita a motar injina balle in ce ita ce.

Oga Rewaya na Panteka: Taka mai layi uku ce, ba ta buƙatar kafasita. Layukan uku su da kansu bi da bi suke zuwa, na ɗaya, na biyu, na uku, motar ta bi jerin. Masu gyara sun musanya waya biyu a sama, jerin ya juye. Maganinsa kai ma ka musanya kowanne biyu a cikin ukun a akwatinka. Minti biyar.

Mai Injin Tudun Wada: Haka yaron da ya zo ya yi, ya karɓi kuɗin wuni guda.

Oga Rewaya na Panteka: Kuɗin sanin wace waya ce ka biya, Alhaji.

Injiniya Barnawa: Bari in ɗora kan maganar Oga. Wutar Najeriya sau 50 take kai da kawowa a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan 50 ɗin daga juyin inji take fitowa. Ƙaramin janareton gida sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da ita. Manya na dizal irin na asibitoci da bankuna 1,500 suke yi, saboda kawunan maganaɗisunsu huɗu ne maimakon biyu. Shi ya sa in aka jona dutsen guga a ƙaramin janareto za ka ji muryarsa ta faɗi, kwan fitila ya dushe. Juyin ne ya ragu. Kogin Kadunan nan da muke tsallakawa kullum shi ne yake gangarawa jihar Neja ya juya injina huɗu a madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, megawat 600. Duk injinan da ke kan layin ƙasa, Shiroro da Kainji da Jebba da masu gas na kudu, a taki ɗaya suke tafiya. In kaya ya fi ƙarfinsu, ko wani babba a cikinsu ya fita ba zato, sai duka su fara ja da baya, 50 ta soma sauka, na'urorin kariya su riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace. Ɗaya ke nan daga cikin hanyoyin da layin ƙasa yake faɗuwa, ka ga gari ya yi duhu daga Kawo har Sabon Tasha a lokaci guda.

Sarkin Gardama: Duk na ji, amma ku kuna maganar ƙarfe ne. Akwai wani bidiyo da ke yawo, abin da ke cikinsa ya fi wannan zurfi. Komai da Allah ya halitta ta hagu yake juyawa, saɓanin agogo, yadda ake ɗawafi. Duniya, wata, taurari, jinin jikin mutum, guguwa, har ruwan da ke zurarewa a ramin baho. Ku duba shataletalen Leventis, ta ina motoci ke bi? 'Yan tsere a filin wasa na Ahmadu Bello ta ina suke zagayawa? Duk abin da ka ga ya bi dama, ɗan Adam ne ya tilasta masa.

Baba Kakuri: Yaro, cire shataletale daga lissafinka. Kafin ranar 2 ga Afrilu 1972 ta hagun titi ake tuƙi a ƙasar nan irin na Ingila, shataletale kuwa yadda hannun agogo ke tafiya ake zaga shi. Gwamnatin Gowon ce ta mayar da mu hannun dama don mu dace da maƙwabta, Nijar da Kamaru da Dahomey. Aka kwana aka tashi duk shataletalen Kaduna ya juye. Ina saurayi lokacin, da idona na ga masu keke suna sauka su tura in sun iso, don hannu ya saba da wancan ɓangaren. Doka ce ta gwamnati, in gobe aka sake wata haka za ku bi.

Sarkin Gardama: To Baba, na cire shataletale. Saura taurari.

Malamar Kimiyya: Ƙanena, a taurarin ma akwai gyara. Gaskiya ne duniya da yawancin 'yan uwanta ɓangare ɗaya suke juyawa, kuma ɓangare ɗaya suke zaga rana, domin daga dunƙulen ƙura da gas guda mai juyawa suka samu, suka gaji juyinsa. Amma Zara matar wata, wadda muke gani tana ƙyalli bayan magariba, da baya take juyawa. A can rana daga yamma take fitowa. Juyin nata ma na ƙasaita ne, kwana 243 na duniyarmu kafin ta juya sau ɗaya, alhali kwana 225 ya ishe ta zaga rana. Yuranus kuwa, wata daga cikin 'yan uwan duniya, a kishingiɗe take tafiya. Sannan ga wata tambaya da mai bidiyon bai yi wa kansa ba: daga ina kake kallo? In ka hango duniya daga saman arewa, saɓanin agogo take yi. Ka koma ƙarƙashin kudu ka ɗago kai, agogo take bi sak. Juyin ɗaya ne, mai kallo ne ya sake wuri. Ka riƙe tayar keke a kwance ka juya ta, ka kalle ta ta sama, ka leƙa ta ƙasa, za ka gani.

Anti Lab: Jini kuma don Allah ku bar mana shi. Ba zobe yake yi ba balle a ce hagu ko dama. Daga zuciya ya je huhu ya dawo, ya sake fita ya rarrabu a jijiyoyi zuwa kai da hannuwa da ƙafafu a lokaci ɗaya, ya dawo. Inda jini yake juyawa da gaske a wurin aikinmu ne. In likita ya ce a duba yawan jini, mukan zuba shi a siririn bututun gilashi, mu toshe gindinsa, mu sa a na'ura ta wujijjiga shi sama da sau 10,000 a minti har tsawon minti biyar. Jajayen ƙwayoyi sun fi nauyi, sai su taru a ƙarshen bututu, ruwan ya rage a sama fatsi-fatsi, mu auna tsawon jan. Ko ta ina na'urar ta juya sakamakon ɗaya ne.

Ustaz Rigasa: Jazakumullahu khairan. Ɗan uwa Sarkin Gardama, niyyarka mai kyau ce, amma ka yi hattara. Ɗawafi ibada ce da muka karɓa daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam: ka sa Ka'aba a hagunka, ka fara daga Hajarul Aswad, zagaye bakwai. Ba ta jiran wani tauraro ya zo ya yi mata shaida. Alƙur'ani ya faɗa a Suratul Anbiya aya ta 33 cewa rana da wata kowanne yana iyo a cikin falaki, bai ce hagu ba, bai ce dama ba. Abin da nake tsoro da irin waɗannan bidiyoyin shi ne a ɗora wa yaro imaninsa a kan maganar da ba ta tabbata ba. Ran da ya shiga aji Malama ta koya masa labarin Zara, sai ya ɗauka addini ne ya yi kure, alhali mai bidiyo ne.

Sarkin Gardama: Allah ya gafarta Malam, na ji wannan. Amma guguwa fa? Wannan kam kowa ya san ta hagu take murɗawa.

Maman Ummi: Mu dai kakata cewa take aljanu ne ke wucewa, in mun hango ta mu yi a'uziyya mu kauce. Wa ya tsaya duba hagu da dama.

Malamar Kimiyya: Kaucewar tana da amfani, Maman Ummi, ko don kwanon rufi da take ɗaukowa. Guguwar da muke gani a fili da bazara, ƙasa ce take yin zafi ƙwarai da tsakar rana, iskar da ke kanta ta yi sama da sauri, ta gefe ta rugo ta cike gurbin. In ta zo da 'yar karkata kaɗan, ko bango ne ya kautar da ita ko bishiya, tana matsewa zuwa tsakiya juyin yana ƙara sauri. Wata ta bi hagu, wata ta bi dama. Ka tsaya a filin makaranta a watan Maris ka ƙirga da kanka. Inda maganarka take da ƙamshin gaskiya shi ne manyan guguwar teku masu faɗin ɗaruruwan kilomita. Su juyin duniya ne yake karkatar da iskarsu, abin da wani Bafaranshe, Koriyolis, ya yi lissafinsa a 1835. A arewacin duniya saɓanin agogo suke yi, a kudanci kuma agogo suke bi. Guguwar Idai da ta afka wa birnin Beira na Mozambik a watan Maris 2019 ta dama ta juya. Ruwan baho kuwa ya yi ƙanƙanta wannan ƙarfin ya taɓa shi. Siffar bahon da yadda ka zuba ruwan su ke yanke hukunci.

Baban Khalifa: Na tura yara banɗaki da bokiti. Wani zubin hagu, wani zubin dama. Yanzu uwarsu tana tambayar wa zai biya mai ruwa.

Direban Kawo: Ni duk hagu da damanku ba su dame ni ba. Maganar da Malama take ta maimaitawa ce ta tsaya mini, wai duniya na juyawa. Malama, da girmanki. Shekara da shekaru ina hanyar Kaduna zuwa Kano, in na taka 120 kowa a motar ya sani, tsofaffi su fara salati. A ce ƙasar da nake tsaye a kai tana gudu, amma ruwan randa ko motsi ba ya yi? Kuma in haka ne, jirgin sama ya tashi daga Mando ya tsaya cak a sama mana, Makka ta zo ta same shi.

Malamar Kimiyya: Malam Direba, tambayarka ta fi ta ɗalibaina da yawa. Gudun ma ya fi yadda kake zato. Ƙugun duniya, wato zagayenta ta tsakiya, ya kai kilomita 40,075, tana juya shi a kwana ɗaya, wato kusan kilomita 1,670 a awa. Mu a Kaduna da muke digiri 10 da rabi arewa da ƙugun, kusan 1,640 muke yi. Jiki ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji. Abin da fasinjojinka ke ji rami ne da birki da kwana da ƙarar iska a gilashi. Ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, in ya miƙe a layi ka zuba shayi a kofi, a kofin zai sauka ba a cinyarka ba, don kai da kofin da shayin da iskar cikin taragon duk tare kuke tafiya. Duniya ba ta taka birki, ba ta faɗa rami, kwanar da take sha kuwa awa 24 take ɗauka kafin ta cika. Iskar sama ma tare da ita take tafiya, jirgin kuma tun yana ƙasa yake ɗauke da wannan gudun, tashi ba ya raba shi da shi. Ga lissafin da kowa ya sani da azumi: digiri 15 take juyawa a awa, digiri ɗaya minti huɗu. Maiduguri na gabas da mu da kusan digiri 6, shi ya sa suke riga mu shan ruwa da minti ashirin da wani abu, mu kuma mu riga Legas.

Direban Kawo: Wannan ai ko rana ce ke tafiya ƙasa na tsaye, haka lissafin zai fito.

Malamar Kimiyya: Gaskiyarka, wannan kaɗai bai raba gardama ba, shi ya sa aka daɗe ana yin ta. A 1851 wani Bafaranshe mai suna Fuko ya rataye dunƙulen ƙarfe mai nauyi da waya mai tsawon mita 67 a wani dogon gini a Faris, babban birnin Faransa, ya sake shi yana lilo. Babu mai taɓa shi, amma layin da yake bi a kan daɓe sai ya riƙa karkata sannu a hankali, awa bayan awa. Lilon bai sake hanya ba, daɓen ne yake juyawa a ƙarƙashinsa. A Faris kusan awa 32 layin ke ɗauka ya zagayo. Da a Kaduna za a rataye shi sai ya yi wajen kwana biyar da rabi, saboda kusancinmu da ƙugun duniya.

Injiniya Barnawa: Malam Direba, ga wadda ke kan rufin gidanka. Tun da mai dish ya saita maka farantin ya ɗaure noti, ka taɓa bin tauraron da shi? Yana nan wuri ɗaya dare da rana. Tauraron ɗan Adam ɗin yana sama da ƙugun duniya da kilomita 35,786, ba igiya ba ginshiƙi. Abin da ke hana shi faɗowa gudun zagaye ne, kuma a wannan nisan kwana ɗaya cif yake ɗauka ya zagayo. Muna ganinsa a tsaye ne don mu ma muna juyawa tare da shi. Namu na Najeriya, NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disamba 2011, a wannan layin aka ajiye shi. In ƙasa a tsaye take, to shi ma a tsaye yake ke nan a sarari, me ya riƙe shi?

Direban Kawo: Ikon Allah.

Ustaz Rigasa: Ikon Allah ne, babu shakka. Injiniya yana gaya maka sababin da Allah ya sanya ne.

Direban Kawo: To ni dai sai an rataye ƙarfen nan a Kaduna na zo na zauna kwana biyar ɗin na gani. Malama ki nemo dogon gini, ni zan kawo tabarma.

Baba Kakuri: Na je masallaci na dawo na tarar kun kai sama. Ku sauko ƙasa in gaya muku inda hagu da dama suke da muhimmanci da gaske. Na yi aiki a sashen kaɗi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da in an tashi aiki titi ba ya biyuwa saboda kekuna. Masaƙar farko a nan, KTL, a 1957 ta fara aiki, sauran suka biyo baya. A zaure ɗaya mazarai dubbai ne a jere, kowanne yana juyi dubbai a minti, ba ka jin maganar na kusa da kai sai da hannu. Auduga ba ta da ƙarfi, ja kaɗan ta rabu. Murɗi ne yake mayar da ita zare. In za a haɗa zare biyu a yi mai kauri, to dole murɗin haɗin ya saɓa wa murɗin farko. In silin farko dama aka murɗa, haɗin hagu za a yi. Kowane sili yana son warwarewa, sai son warwarewar nasa ya zama shi ke ƙara ɗaure ɗan uwansa. Ka yi su ɓangare ɗaya, ka saki, ya cukurkuɗe a hannunka. Turawan da suka kawo injin ba su koya wa mahaifiyata wannan ba. Tana zaune a kan tabarma da alli a yatsu, ta murza mazari ta sake shi yana juyi a 'yar tasa, hannun hagu yana sama da sabin auduga, zare yana fitowa siriri ba ya tsinkewa, tana hira ko kallonsa ba ta yi. Masu tufkar igiyar rama ma haka suke yi, a cinya.

Maman Ummi: Allah ya jiƙan iyaye, Baba. Mu yanzu ko mazarin ba mu taɓa riƙewa ba.

Oga Rewaya na Panteka: Baba ya taɓo inda yaran shago suke karya mana kaya. Noti dai kowa ya san dama ɗaurewa, hagu kwancewa. Amma fedar keke ta ƙafar hagu a juye take, da murfin da ke riƙe fiffiken fankar tsaye, da notin tayoyin hagu na wasu manyan motoci. An yi su haka ne don juyin aiki ya riƙa ƙara ɗaure su maimakon ya kwance su. Sabon yaro ya zo ya sa sifana yana ja hagu wai zai kwance, yana ƙara tamkewa, ya ɗauko bututu ya ƙara tsawo ya hau da ƙafa, sai ka ji ƙas. In ka ga harafin L a kan noti, tsaya ka tambaya.

Maman Ummi: Tunda ana maganar abin da ke juyawa, mata ku ji wannan. Ranar nan a hanyar kasuwar Bacci wata baiwar Allah tana bayan babur, gefen mayafinta ya sauka ya shiga tayar baya. Kafin ɗan acaɓan ya ankara ya naɗe, ya fizgo ta ta wuya ta faɗo. Allah ya sa a cunkoso ne ba gudu ake ba, ta tsira da kujewa a gwiwa da shatar ja a wuya. Sai da aka sa reza aka yanke mayafin daga cikin tayar. In za ku hau, ku tattare mayafi da bakin abaya ku danne a cinya.

Mai Injin Tudun Wada: Ni ko babbar riga ba na bari a matso da ita kusa da bel. Yara masu kawo niƙa kuwa akwai layin da na ja a ƙasa da gawayi, ba mai tsallakewa.

Sarkin Gardama: Saura tambaya ɗaya, kada ku ce na cika gardama. Shi agogon da muke ta auna komai da shi, wa ya ce masa ya bi dama?

Malamar Kimiyya: Abin da aka fi faɗa shi ne inuwa ya gada. Kafin agogon ƙarfe, da inuwar sanda ake duba lokaci. A Turai, inda aka fara ƙera agogo mai hannu, rana kullum ta kudu take ratsawa, inuwar sanda ta fara daga yamma da safe, ta bi ta arewa, ta ƙare a gabas. Maƙera suka sa hannun agogo ya bi hanyar da ido ya saba. Mu nan Kaduna abin ya sha bamban. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi da tsakar rana, inuwa ta faɗa kudu. A farko da ƙarshen wannan lokacin kuma takan tsaya a tsakar ka, ka kafa sanda da azahar ka nemi inuwa ka rasa. Duk saboda duniya a karkace take da digiri 23 da rabi.

Ustaz Rigasa: Wannan karkatar tana da wani amfani da ya shafe mu. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokacin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ba sai ka kalli ranar ba, ka kafa sanda a miƙe a ƙasa mai laushi, ka ja layi a kan inuwarta, ka tsaya a ƙarshen inuwar ka fuskanci sandar. Daga Kaduna za ka ga ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da sama da digiri 20.

Injiniya Barnawa: Ku riƙe ta Mayu. Tsakiyar Yuli a Kaduna samun rana da hantsi sai an yi sa'a, hadari ne.

Mai Injin Tudun Wada: Zan gwada a ɗan masallacinmu na bakin kasuwa. Tun da aka gina shi ake musu, wasu na karkata dadduma wasu na miƙar da ita.

Ustaz Rigasa: Alhaji, ka fara sanar da liman da dattawan wurin, a yi gwajin a gabansu. Kada ka je kai kaɗai ka ja layi ka ce a juya sahu.

Direban Kawo: Ku sa ni a cikin 'yan kallo. Wannan gwajin minti biyu ne, ya fi mini na kwana biyar. Amma in lodi ya kama ni a tasha ranar, wani ya ɗauko mini hoto.

Sarkin Gardama: Hoto ba hujja ba ne, Malam Direba, ana haɗa shi da kwamfuta.

Direban Kawo: Kai da ka zo mana da bidiyo?